Takardar da Amadu Bai Ƙona Ba

Ludayin na dab da bakin Marta aka fizge shi daga hannunta.

Kunu ya tarwatse mata a gaban riga. Ta ɗago a firgice, sai ga Inna Ladi tsaye a kanta, uwar Yakubu, saurayin da Baba ke son haɗa ta da shi.

"Inna, lafiya?"

"Lafiya lau, ɗiyata." Inna Ladi ta ɗauraye ludayin har sau biyu, da ruwan da kowa ke tattalinsa a shekarar, sannan ta miƙo mata wani tsohon gwangwanin tumatir. "Ga naki nan. Daga yau a ciki za ki riƙa sha."

Ranar Lahadi ce, an tashi daga sujada. Tun da farin nan ya tsananta, matan majami'arsu suka saba haɗa ɗan abin da suka samu na jar dawar agaji, su dama kunu, su zagaye ƙwarya ɗaya su sha kafin kowa ta kama hanyar gida. Shekara guda ke nan Marta na cikin wannan zagaye.

"Me na yi, Inna?"

"Ba ki yi komai ba. Mai irin lalurarki ce ba a haɗa baki da ita. Ba ƙi ba ne, kin ga akwai masu goyo a nan."

Mata goma sha wani abu, ba wadda ta ce wace lalura. Wata ta janye ɗanta zuwa ƙirjinta, wata ta duƙa tana gyara ɗaurin takalmin da ba shi da igiya. Ni kam na rasa irin zuciyar wasu mata, yanzun nan fa suka gama waƙar ƙaunar juna da baki ɗaya!

Nan Marta ta gane kowa ya ji.

Ta ajiye gwangwanin a ƙasa a hankali. Ba ta yi kuka a gabansu ba, sai da ta sha kwana ta shiga lungunsu na Zongo.

* * *

Farfaɗiya.

Tana shekara bakwai ciwon ya fara kayar da ita, can Dogon Dutsi. Mushe Bulus, mahaifinta, malamin lakkol ne, wato makarantar boko, bai yarda da zancen iskoki ba, amma ya san mutanensa. Ya san in magana ta fita ba mai sake cin tuwo da ɗiyarsa, ballantana a zo neman aurenta. Shi da mahaifiyarta, Inna Maryamu, suka rufe zancen ruf. Ya samo mata wata 'yar farar ƙwaya daga likita, tana sha a ɓoye. Tana shekara goma sha ɗaya ta yi faɗuwar ƙarshe. Yau shekara goma sha biyu, ko jiri ba ta ƙara yi ba.

Kuma ciwon nan ne ya kai ta aikin da take yi. Bayan sun dawo Yamai ta gama karatun jinya, ta nemi a tura ta labo, ɗakin binciken ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ke ƙetaren kogi, wajen jami'a. Kowa ya ɗauka gudun wahalar jinyar marasa lafiya a likita take yi. Ita kuwa so take ta ga abin da ya riƙa kayar da ita, ta gan shi da idonta.

Su uku ne a labon. Shugabansu Kumandan Lawali, lokotoron soja, wato dokta, mutum mai ƙarancin magana, ba abin da ke ransa sai ya san ɓarnar da yunwa ke yi wa ƙwaƙwalwar yaro. Motar soja ce ke kawo masa yara daga sansanin waɗanda fari ya koro. Marta ke manna musu wayoyi a fatar kai, na'ura mai alƙaluma takwas ta riƙa zana motsin ƙwaƙwalwarsu a kan wata doguwar takarda mai ninki.

Na ukunsu shi ne mai karanta zanen. Amadu.

Ɗan masunta ne daga Goudel, Bazabarme, Hausarsa ta kasuwa ce, mai daɗi a bakinsa. Yana yaro ya sa hannu a koma, minjirya ta girgiza shi har ya faɗa ruwa. Maimakon ya ji tsoro sai ya tashi yana tambayar a ina kifi ya samo wuta. Tambayar nan ce ta ja shi har jami'a. Ran da ya ba Marta labarin, yana kwaikwayon yadda ya yi ta karkarwa, ta yi dariya har da hawaye, kuma tun ranar ba ta ƙara mallakar zuciyarta ba.

Shekara biyu suna tare. Sau uku Amadu na aikawa wurin Mushe Bulus, sau uku ana mayar da 'yan aiken.

"Ba ni da ɗiyar da zan kai gidan da ba a kiran sunan Almasihu," in ji Baba. "Ga Yakubu nan, ɗan majami'a, ma'aikacin jinya, me ya rasa?"

To, labon na da wata ƙa'ida. Kuran ɗin birni, wato wutar lantarki, ba ya tsayawa wuri ɗaya, yau ya yi ƙarfi gobe ya yi sanyi, don haka kowace Litinin sai an gwada na'urar a kan lafiyayyen mutum kafin a ɗora wa yara. Ma'aikata ke zama bi da bi. Marta ta yi ta zillewa, yau ta ce sabon kitso gare ta, gobe ta ce kanta na ciwo. Wata Litinin, wata biyu da suka wuce, Kumandan ya tafi rangadi, Amadu kuwa ya kwana da zazzaɓi, kansa bai dace da gwaji ba. Ga yara tara na jira a baranda.

Ta kwance kitsonta ta zauna.

Shi ya raba mata gashi da yatsunsa, ya manna wayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana tsokanarta. Ya kunna fitilar nan mai walƙiya a fuskarta. Sai ta ji alƙaluman sun canza kuka, tsokanar kuma ta tsaya.

"Marta," ya ce a hankali. "Kin taɓa faɗuwa?"

Ta gaya masa komai. Abin da ba ta taɓa gaya wa ko ƙannenta ba. Ya durƙusa a gabanta, ya ce wannan ba komai ba ne, ciwo ne kamar kowane ciwo, ba a ɗaukarsa a miyau ko a kwano. Ya yage takardar ya ninke ya sa a jakarsa.

"Wallahi yau zan ƙona ta. Daga ni sai ke sai Allah."

Ranar ta koma gida kamar an sauke mata dutse daga ka.

* * *

Da ta shigo daga majami'a ta tarar da Baba zaune kan kujerarsa a tsakar gida, Littafi a rufe bisa cinyarsa. Inna Maryamu na bakin murhu, idanunta jajur. Ƙannenta mata biyu sun shige ɗaki.

"Zauna, Marta."

Ta durƙusa.

"Jiya da la'asar Yakubu ya zo da kawunsa. Sun janye."

Da a makon jiya ne aka gaya mata haka, da ta taka rawa. Yau ko murmushi ba ta yi ba.

"Ya ce an kai masa wata takarda har wurin aikinsa. Doguwa, mai zane-zane, da sunanki a kai. Ya ce shi ya san aikin likita, ba ya ƙyama, amma uwarsa ta rantse ba da ita ba." Baba ya cire tabarau ya goge. "Shekara goma sha shida ina rufe wannan magana. Wa kika gaya wa?"

"Baba..."

"Wa kika gaya wa, ɗiyata?"

Ta sunkuyar da kai. Hawaye kawai ke sauka.

Baba ya daɗe yana kallonta. Ba faɗa a fuskarsa, kuma wannan ya fi mata ciwo, don ba ta taɓa ganin ya tsufa ba sai yau.

"Ba wanda zai ƙara taka ƙofar nan dominki daga cikin majami'a. Na san mutanena. Yaron nan na Goudel, in har yanzu yana so, ki ce ya turo manyansa ran Juma'a. Na ba shi."

Inna Maryamu ta rushe da kuka.

Ga abin da Marta ta yi shekara biyu tana roƙon Ubangiji, an miƙo mata shi. Ta tashi ta shiga ɗaki tana gaya wa kanta ba shi ba ne. Wataƙila jakar aka sace. Wataƙila wani ya tsinta. Amadunta ba zai yi haka ba.

* * *

Litinin da safe ba ta bi ta gada ba, don layin binciken sojoji ya yi tsawo. Ta gangara ta taka cikin kogin da ƙafa tare da sauran mutane. A shekarar nan kogi ya ƙafe har ana tsallake shi a kan yashi, tsofaffi na cewa ba su taɓa gani ba.

Amadu na goge alƙaluman na'ura ta shigo. Yana ganinta fuskarsa ta washe.

"Fofo, amarya! Na ji labari. An ce mutumin ya janye?"

Wa ya gaya masa? Jiya Lahadi, ba su haɗu ba.

Ta mayar da ƙofa ta rufe.

"Amadu, ina takardata?"

Hannunsa ya tsaya.

"Wace takarda?"

"Kar ka ƙara mini da ƙarya. Ka ƙona ta ko ba ka ƙona ba?"

Ya ajiye tsumman. Ya kalli taga, ya kalli na'ura, ya kalli ko'ina ban da ita.

"Zauna ki ji, Marta."

"Ba na zama. E ko a'a?"

"Ban ƙona ba."

Ta dafa bango. Ta san amsar tun jiya, amma ji daga bakinsa daban ne.

"Kai ka kai wa Yakubu."

"Ni na kai masa." Ya matso, maganarsa na fita da sauri, Hausar na karkacewa kamar yadda take yi in ransa ya tashi. "Ki tsaya ki gane. Mako biyu da suka wuce na ji an fara zancen sa rana. Sa rana, Marta! Me kike so in yi? In zauna in ga an kai ki gidansa? Na aika sau uku an kore ni. Na yi tunani har kaina ya yi zafi, na ga hanya ɗaya ce. Na ce in gwada shi. In yana son ki da gaske ai ba zai gudu ba. Ga shi ya gudu! Ni kuwa na sani, kuma ina nan."

"Ka gwada shi da ni."

"Na ce masa ya riƙe a cikinsa. Ban san zai gaya wa uwarsa ba."

"Ba ka sani ba?" Ta yi wata dariya mai ɗaci. "Kai da ka karanta kan yara ɗari uku, ba ka san ɗa zai gaya wa uwarsa dalilin fasa aure ba? Ka sani, Amadu. So kake kowa ya guje ni, in rasa mai so sai kai, Baba ya rasa yadda zai yi."

"Ba haka..."

"To ka ci nasara. Baba ya ce ka turo ran Juma'a."

Jama'a, ku ji namiji! Sai murna ta kufce masa, ta bayyana a fuskarsa kafin ya iya ɓoye ta. Ya ɗaga hannu sama.

"Alhamdu lillahi! Kin gani? Kin gani, Marta? Zafin na 'yan kwanaki ne, zai wuce."

Kukan da take dannewa ya ƙwace.

"Jiya a gaban mata goma sha wani abu aka raba ni da kwanon mutane. Wata ta janye ɗanta don kar in taɓa shi. Ni da nake wanke kan 'ya'yan mutane kullum a ɗakin nan! Ubana ya tsufa a kwana ɗaya. Ina da ƙanne mata biyu, ka tuna da su? Yanzu za a ce abin a jininmu yake. Wa zai neme su?"

A fuskarsa ta ga bai taɓa tunawa da su ba, ko sau ɗaya.

"Ni na kwance kitsona da hannuna na ba ka kaina," ta ce. "Ba wanda ya tilasta ni. Shekara uku ina guje wa kujerar nan, na zauna don kai ne. Ka rantse da Allah, Amadu. Ka ce daga kai sai ni."

"Son ki ne ya sa. Wallahi son ki ne."

"Ka san in na shiga buron Kumandan na ce ka fitar da takardar labo ka kai wa wani, yau ba a gida za ka kwana ba?"

Ya waiga wajen ƙofa. A zamanin nan na mulkin soja ba a wasa da irin wannan magana.

"Ba za ki yi ba."

"Ba zan yi ba," ta ce. "Ni ban iya ba."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya kama gefen mayafinta, shi ma idonsa ya ciko.

"Ki yafe mini. Zan share miki duk wannan. In kin zo Goudel ba wanda ya san komai, sabuwar rayuwa za ki yi. Mutanen majami'arku ba sa zuwa can."

Marta ta tsaya da kukan. Ta dube shi.

"Ba wanda ya sani a Goudel?"

"Ko ɗaya."

"Innarka fa? Baffanninka?"

"Haba, Marta! Da ƙyar fa na shawo kansu a kan maganar addini. In suka ji wannan kuma ai shi ke nan. Kin san mutanenmu, ba su yi karatu ba. Wannan sirrinmu ne, ni da ke."

Sirrinmu. Ta maimaita kalmar a ranta. Wato ya san inda ake rufe baki. Ya tona ta a gidansu, ya rufe a nasa gidan.

A baranda motar soja ta tsaya, aka fara sauke yara. Marta ta zare mayafinta daga hannunsa, ta share fuska, ta ɗauko kwanon wayoyi.

"Ka turo su," ta ce.

* * *

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, baffannin Amadu biyu suka iso Zongo da ƙullin goro. Babban, Alhaji Harouna, dattijo ne mai farin gemu, da gani ka san ba da son ransa ya zo ba. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure. Amadu, da yake ango ba ya shiga irin wannan zama, ya tsaya can bakin lungu jikin motonsa mai ƙafa biyu, cikin sabuwar shadda.

Marta na ɗaki tana jin komai. An gaisa, an tambayi iyali, an yi jajen fari, an roƙi ruwa. Alhaji Harouna ya gyara murya ya faɗi abin da ya kawo su.

Kafin Baba ya amsa, ta ɗaga labule ta fito.

"Marta!" Inna Maryamu ta kamo zaninta. "Kin haukace? Ɗiya ba ta shiga nan!"

Ta zame. Ta shiga zauren ta durƙusa nesa kaɗan, ta gaida baƙin da ladabi.

"Baba, ka gafarce ni. Alhaji, ku gafarce ni. Akwai maganar da ya kamata ku ji kafin a raba goron nan."

"Koma ciki," in ji Baba a hankali.

"Ina da farfaɗiya."

Ba ta taɓa furta kalmar da ƙarfi ba a rayuwarta. Ta ji ta fita, kuma rufin zaure bai faɗo ba.

"Tun ina ƙarama. Shekara goma sha biyu ban faɗi ba, ina shan magani, kuma ba a ɗaukarta a wurin mutum. Amma tana nan. Ɗanku ya sani, shi ya gani da idonsa a wurin aiki. Ya kai wa wanda ke nemana labarin don ya janye, ya janye. Duk majami'armu an ji. Ku kaɗai ya ɓoye wa."

Alhaji Harouna ya juya ya kalli ƙanensa. Suka yi magana ƙasa-ƙasa da Zabarmanci. Sannan ya dubi Mushe Bulus.

"Gaskiya ne, Mushe?"

Baba ya ɗago kai. Ya kalli ɗiyarsa.

"Gaskiya ne. Ɗiyata ba ta ƙarya."

Dattijon ya jawo ƙullin goron gabansa, ya miƙe da ƙyar yana dafa gwiwa.

"Yarinya, kin fi ɗanmu mutunci," ya ce. "Amma ba za mu iya ba."

"Na sani, Alhaji. Ko kun iya, ni ba zan iya ba."

Suka sa takalma suka fita. Marta ta bi bayansu har bakin ƙofa. Can ƙarshen lungu Amadu ya hango baffanninsa, ya taho da sauri yana murmushi, hannu biyu a miƙe don karɓar albishir. Sai ya ga goron a hannun Alhaji, ɗaurinsa ko kwancewa ba a yi ba. Ya tsaya cak. Ya ɗago ya gan ta.

"Marta! Me kika yi?"

Har yanzu tana son sa, abin haushin ke nan. Ta ji son na ci mata ƙirji kamar ranar farko.

"Na gwada su ne, Amadu," ta ce. "Sun gudu."

Ta rufe ƙofa ta sa sakata.